Abin Hawan Sana'a ga Direba Mai Lalurar Ƙafa: Rabon Zakka da Rabon Waƙafi

Jawabin sakataren gidauniya a taron shekara na masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya wajabta zakka domin tsarkake dukiya da masu ita, Ya kuma buɗe ƙofar waƙafi domin aikin bawa ya ci gaba da gudana bayan an binne shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayanin abin da ya shiga asusu da abin da ya fita yana cikin rahoton ma'aji. Abin da aka ɗora mini shi ne in gabatar muku da wata buƙata guda da ta raba ra'ayin kwamitin rabo a bana. Wani magidanci daga cikin garuruwanmu, wanda shan inna ta raunana wa ƙafafu tun yana yaro, ya rubuto yana neman a saya masa Keke Napep, a mayar da birkinsa na ƙafa zuwa hannu, domin ya riƙa ɗaukar fasinja yana ciyar da iyalinsa. Wasu daga cikinmu suka ce wannan ita ce ainihin manufar zakka. Wasu suka ce kuɗin sun yi yawa ga mutum ɗaya, alhali ga zawarawa da marayu suna jiran hatsi. Kwamiti ya ga cewa dukiyar taku ce, amanar kuma tamu ce baki ɗaya, saboda haka aka kawo maganar gabanku tare da shawarar da ofishin sakatare ya tsara.

Su wane ne masu wannan buƙata

A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, shekara 4 bayan an ga ta ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai sanarwa ba ta miƙe ƙafar da ta riga ta shanye. Yaran da cutar ta kama a shekarun baya yau magidanta ne, da mata, da 'ya'ya, da kuɗin makaranta a wuyansu.

Akwai kuma rukuni na biyu, waɗanda muka fi kowa saninsu a wannan yanki. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Maiyama ta nufi Yawuri ba ta rabuwa da manyan motoci, haɗari kuwa ba ya sallama. Aliero ta yi suna wajen ɗori, ana kawo masu karaya daga nesa, kuma Allah Yana ba da sauƙi ta hannun masu wannan gado. Amma akwai wanda zai koma gida ƙafarsa ba ta ƙara taka birki ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan direbobi ne ko 'yan kabu-kabu. Sun san hanya, sun san inji, sun san fasinja, ƙafa kawai suka rasa.

Abin da al'adarmu ta tanadar wa gurgu sananne ne: sarautar sarkin guragu, da wurin zama a ƙofar masallaci ranar Juma'a, da abin da masu wucewa suka jefa. Wannan tsari ya raya mutane da yawa a zamanin da babu wani, kuma ba mu raina shi ba. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna a hadisin Zubairu ɗan Awwamu da Bukhari ya ruwaito cewa yin itace a sayar ya fi wa mutum mutunci a kan roƙo, ko an ba shi ko an hana shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya keɓe littafi guda, Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman halal da sana'a. Mutumin da ya zo mana yana cewa shi sana'a yake so ya bi abin da aka karantar da mu ne.

Tarihinmu kuma bai taɓa ɗaukar lalura a matsayin ƙarshen amfanin mutum ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, shi ne ladani tare da Bilalu, kuma an sha bar masa riƙon Madina. Amru ɗan Jamuhu yana ɗingishi ya fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, a can ya yi shahada. Malaman tarihi sun kawo cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora, daga baitulmali. Ɗan jagoran wancan zamani shi ne ya ba makaho damar fita neman abinsa. A wannan zamani, birkin hannu ne yake yi wa gurgu wannan aiki.

Dokar ƙasa ma ba ta tare hanya ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda har ta haramta amfani da su wajen bara. A tsarin lasisin tuƙi na Nijeriya kuwa akwai rukunin J, wanda aka ware wa masu lalurar jiki.

Me ake gyarawa a jikin abin hawan

Ya kamata mai ba da kuɗinsa ya san abin da za a yi da su. Keke Napep irin na kamfanonin Bajaj da TVS, waɗanda suka cika titunanmu, kusan duk tuƙinsa da hannu ake yi. Totur yana hannun dama. Kuloci da giya suna hannun hagu. Abin da ya rage wa ƙafa shi ne birki kawai. Saboda haka gyaran da ake buƙata ƙarami ne idan aka kwatanta da farashin keken kansa: a ɗauke aikin fedar birki a mayar da shi kan wani mariƙi da hannu zai kama, a daidaita kujerar direba, a yi wurin ajiye sanduna, a sa ƙarfen da zai riƙe wajen hawa da sauka. A mota kuwa ana neman mai canja giya da kanta, a sa mata sanda guda kusa da sitiyari, a tura a taka birki, a jawo a ba da wuta. Mota ta fi tsada wajen saye da wajen mai, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, don haka shawararmu ta tsaya a kan keke.

Ƙarancin gyaran ba ya nufin sauƙinsa. Hannu bai kai ƙafa ƙarfi ba, dole ne mariƙin ya yi tsawon da zai ninka ƙarfin hannun. Hannayen direba biyu kuma duk suna da aiki, dole ne a sa shi a inda za a kama shi ba tare da an saki kan keken ba. Walda guda da ba ta kama ba tana iya zama ajalin mutum huɗu. Wannan aiki ne na ƙwararren bakanike, a kuma gwada shi da kaya a kan gangara kafin a ɗauki ɗan Adam. Ƙwarewar aikin ƙarfe irin wannan tana nan a Arewa. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekunan da ake tuƙawa da hannu, maƙeran kuma su ne masu lalurar da kansu. A nan kusa muna da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, inda za mu iya neman masana aikin injiniya su duba mana ingancin gyaran.

Wani zai ce, me ya hana shi karɓar keke a hannun mai kuɗi ya riƙa biyan balas kamar sauran matasa? Amsar tana cikin lissafin mai keken. Wanda ya ba da kekensa haya yana so duk ranar da direba ya gaza ya karɓe ya miƙa wa wani, ko ya sayar. Keken da aka gyara domin mutum ɗaya ba ya saurin shiga hannun wani. Don haka ƙofar da ke buɗe ga kowane saurayi mai ƙafa biyu a rufe take ga wannan bawan Allah, ko da ya fi su iya tuƙi. Inda kasuwa ta juya baya, nan ne aikin gidauniya irin tamu yake farawa.

Abin da malamai suka ce

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka ga rukuni 8, faƙirai da miskinai ne a gaba. Babu saɓani cewa magidancin da abin hannunsa ba ya isarsa yana cikinsu. Saɓanin yana kan yawan abin da za a ba shi. Malaman Hanafiyya sun karhanta a ba mutum ɗaya abin da ya kai nisabi, sai in yana da bashi ko iyali masu yawa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Khalil, ya halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara guda, ko da ya wuce nisabi. Shafi'iyya sun fi faɗaɗawa: Imamu Nawawi ya bayyana a Majmu'u cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, komai yawan kuɗinsu, domin ya dogara da kansa. Ke nan wanda ya ce a sayi keken da zakka yana da magabata.

Duk da haka, ofishin sakatare bai ba da shawarar a sayi keken da kuɗin zakka ba, saboda dalili guda. Zakka mallakawa ce. Ranar da muka miƙa masa makulli, keken ya zama nasa, ba mu da ikon gindaya masa sharaɗi. Idan matarsa ta kwanta rashin lafiya, ko mai bashi ya tsaya masa a ƙofa, zai sayar, kuma babu mai zarginsa. Idan ya rasu, magada su raba. Dukiyar da aka tara daga masallatai da yawa sai ta ƙare a cikin wata guda na tsanani.

Waƙafi, wanda littattafanmu suke kira hubusi, shi ne ya toshe wannan ɓaraka. Tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibara aka kafa ƙa'idarsa: asalin abu yana tsare, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninsa ne yake gudana. Da yawa daga cikinmu idan aka ce waƙafi, masallaci da rijiya da maƙabarta kawai suke tunawa. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Khalidu ɗan Walidu ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah. Malikiyya sun halatta waƙafin dabba da kayan da ake ɗauka, har ma sun halatta a yi shi na wani ƙayyadadden lokaci. Sun kuma yi maganar ranar tsufa: abin da ba ƙasa ba ne ko gini, idan ya daina amfani, a sayar da shi a sa kuɗin a cikin irinsa, ko a cikin wani kaso na irinsa. Sun ƙara da cewa gyaran abin waƙafi shi ake fara cirewa daga abin da yake samarwa. Malaman da suka rubuta wannan doki suke nufi, amma hukuncin ya zauna daram a kan keke mai ƙafa uku.

Saboda haka shawararmu ita ce a raba kuɗin gida biyu. Keken kansa a saye shi da kuɗin waƙafi, takardunsa su fito da sunan gidauniya, direba ya ci amfaninsa muddin yana aiki da shi. Abin da ya shafi jikin direban kuwa, wato kuɗin gwajin likita, da koyon tuƙi, da lasisi, da rijistar ƙungiya, da man makonnin farko, da abincin gidansa kafin aiki ya kankama, a biya daga zakka. Da yake malamanmu sun tsananta game da fitar da kaya a madadin kuɗi, za a mallaka masa kuɗin ne, shi kuma ya wakilta gidauniya ta biya a madadinsa in ya so. Kuɗin gyaran birki yana bin keken, don haka yana cikin waƙafi.

Hujjar waɗanda suka ja da baya

'Yan'uwanmu da suka yi ja a cikin kwamiti ba ƙin alheri suka yi ba, kuma hujjojinsu uku sun cancanci amsa.

Ta farko ita ce yunwa. Kuɗin keke ɗaya za su sayi buhunan gero da za su shiga gidaje da yawa a watan azumi. Wannan gaskiya ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, da ta halatta sanya kuɗin zakka a ayyukan da ke kawo riba, sai da ta sharɗanta a fara biyan buƙatar gaggawa ta mabuƙata. Mun ɗauki wannan ma'auni. Ba za a taɓa zakkar hatsi ba, ba za a taɓa zakkar fid-da-kai ba, ba za a rage ko mudu ɗaya daga rabon zawarawa da marayu ba. Asusun waƙafin abin hawa sabo ne, da sabuwar gudummawa za a cika shi. Sannan a tuna, gidan da ya samu sana'a ya fita daga jerin masu jiran buhu, rabonsa ya koma ga wani.

Ta biyu ita ce rayukan fasinjoji. Wannan ita ce mafi nauyi, domin idan muka sa abin hawa a kan titi muna da kaso a cikin abin da ya aikata. Majalisar da na ambata, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a. Don haka tausayi ba zai maye gurbin gwaji ba. Wanda hannuwansa ba su da ƙarfi, ko ganinsa ya raunana, ko yake da ciwon da ke sumar da shi, ba za a ba shi ba, sai a nema masa wata sana'ar.

Ta uku ita ce son kai. Yau mutum ɗaya ne, gobe za a ce ɗan wane aka ba. Maganin wannan shi ne rubutacciyar ƙa'ida da kowa zai iya karantawa.

Ƙa'idojin da muke neman amincewarku

Na ɗaya, kwamitin masallacin unguwar mai nema ne zai gabatar da shi, liman da mai unguwa su shaidi halinsa da buƙatarsa, a kuma nemi shawarar shugabannin masu lalurar da kansu, domin sun fi mu sanin junansu.

Na biyu, sai ya kawo takardar likita, ya ci gwajin tuƙi, ya samu lasisin da ya dace ta hanyar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, jami'an duba lafiyar ababen hawa kuma su amince da gyaran da aka yi.

Na uku, keken zai kasance da inshora, kuma za mu fifita ta takaful.

Na huɗu, aikinsa zai tsaya a cikin gari da ƙauyukan kusa, kamar jigilar 'yan kasuwar Jega, da ɗaliban Aliero, da masu zuwa asibiti. Ba zai yi doguwar tafiya a kan babbar hanya ba, ba zai yi tuƙin dare ba, ba zai yi lodin da ya wuce ƙa'ida ba.

Na biyar, da yake ba zai iya tura keke ko canja taya shi kaɗai ba, za a ƙulla yarjejeniya da bakanike guda a garinsa wanda zai amsa kiransa, a kuma gabatar da shi ga ƙungiyar masu keke domin ya samu layi da 'yan'uwan sana'a.

Na shida, zai riƙa ajiye wani ɗan kaso na cinikinsa kowane mako a asusun da aka keɓe wa keken. Gidauniya ba ta cin ko kwabo a ciki. Kuɗin gyara ne, abin da ya yi saura kuma a haɗa da kuɗin tsohon keken a sayi sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na bakwai, idan ya rasu, ko ya bar sana'ar, ko Allah Ya buɗa masa ya sayi nasa, keken zai koma hannun wani mai irin lalurarsa. Idan kuwa ya ba da shi haya ko ya jinginar, za a karɓe.

Roƙonmu gare ku

Muna neman a fara da keke 3, ɗaya a Jega, ɗaya a Aliero, ɗaya a Maiyama, a duba sakamakon bayan shekara guda kafin a ƙara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: idan masallatai 20 suka haɗu a kan keke ɗaya, kashi 5 cikin 100 ne ya hau kan kowanne, kuma waƙafin tarayya ya inganta.

Ina da kalma ta musamman ga iyayenmu manoman albasa na Aliero. A mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan albasa ita kanta ranar girbi, saɓanin shinkafa da gero da dawa, waɗanda ake fitar wa ushiri ko rabinsa idan sun kai nisabi. Imamu Abu Hanifa kuwa yana ganin akwai. Wanda Allah Ya ba shi damina ko rani mai albarka, yake kuma son ya fita daga saɓanin malamai da zuciya natsattsiya, ga ƙofar waƙafi a buɗe. 'Yan kasuwarmu na Jega da manoman shinkafarmu na Maiyama, ku ma muna jiran naku. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da sana'ar kanikanci ko walda, aikin hannunsa gudummawa ce, kuma za a rubuta ta.

Ga kwamitocin masallatai, muna roƙon a karanta waɗannan ƙa'idoji ga jama'a bayan sallah, a tattara ra'ayoyi da gyare-gyare, a aiko wa ofishin sakatare kafin zaman amintattu na gaba. Malamanmu kuma, idan kun ga inda maganar fiƙihu take buƙatar ƙarin haske, ƙofa a buɗe take. Mai takardar yana jiran amsa, kuma bayansa akwai wasu da suke sauraron abin da za a ce masa kafin su yanke shawarar rubuto tasu.

Allah Ya karɓi zakkarku da sadakarku, Ya mayar muku da mafificin alheri, Ya sanya albarka a cikin abin da kuka rage. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiyanmu a kan hanya, Ya zaunar da Jihar Kebbi da ƙasarmu lafiya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.